Ƙauri a Ƙasan Bene, Shayi a Ofishin Mudir

Ranar Talatar nan ta watan Shawwal ta ƙi fita daga raina. Har yanzu in na ji ƙaurin roba sai ta dawo min sabuwa. Ku da kuka fara aiki bayanmu, gara ku ji daga bakina.

Ina gyaran ɗakuna a wani ƙaramin otal na alhazai a Makka, wajen unguwar Mansur. Tsarin gidan haka yake: mudir, wato manaja, a sama, sai muhandis, injiniya mai kula da wuta, sai mushrifa, shugabarmu mu mata, sai mu. Ƙorafi ba ya tsallake mataki, mushrifa ake faɗa wa ta kai sama. Ɗakin hutunmu kuwa yana ƙasan bene, bango ɗaya tsakaninsa da ɗakin kahraba, inda akwatunan wutar otal suke gurnani kullum.

Ran nan bayan azahar mushrifa ta tafi asibiti. Yaya Ramatu, abokiyar aikina 'yar Maraɗi, ta sha maganin mura ta kwanta, ta murza mukulli ta ciki saboda maza masu wucewa. Na zo gittawa na ji ƙauri. Na taɓa bango, zafi kamar tanda. Na buga ƙofa, na buga, shiru. Ɗaya mukullin yana wurin mudir. Na haye da gudu.

Na tarar da mudir, Ustaz Bakur, haifaffen nan mai Hausa rabi Larabci, da muhandis Malam Nura, Bakano, sun kaure da musu kan wace hanyar samar da lantarki ta fi.

Na ce, "Ya Ustaz, a ƙasa..."

"Isbiri ya binti, dakata yarinya, manya na magana. Zuba shayi."

Wallahi na zuba. An rene mu ba a katse babba, ga shi iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a hannunsa take.

Malam Nura yana cewa, "Nukiliya ita ce wuta! Ba hayaƙi, ba jiran iska. Ni ko a gindin tashar aka ba ni gida, da iyalina zan tare."

Ustaz ya ce, "La, la, ya muhandis. In ta fashe, halas, gari ya tashi. Fankokin iska su ne lafiya, ni'imar Allah kyauta."

"Ƙararsu fa? Wa zai yi barci kusa da su? Ran da iska ta tsaya cak cikin zafin Makka, da mafici za ka sanyaya wa alhazai ɗaki?"

Su biyun nan, ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya sai a waya. Na sake buɗe baki, Ustaz ya ɗaga min yatsa. Sai Malam Nura ya juyo yana dariya.

"Ga alƙali. Ke Sa'a, gefen nukiliya za ki zauna ko gefen fanka?"

Na ce, "Malam, gefen ɗakin kahrabarku nake zaune, yana ci da wuta, kuma Yaya Ramatu na kulle a ciki."

Ban rufe baki ba muka ji dum! Wuta ta ɗauke.

Mai tarewa a gindin nukiliya da iyalinsa, shi ya riga kowa isa titi, da takalmi wari ɗaya. Ustaz ya tsaya yana "Ya Sattar, ya Sattar," ya jefo min mukullai kamar masu zafi. Ni na sauka cikin hayaƙin, jiƙaƙƙen tawul a hanci, hannuna ya kasa samun ramin mukulli. Yadda ƙofar ta buɗe ban sani ba. Na ja Yaya Ramatu ta ƙafa har bakin bene kafin 'yan kwana-kwana su iso. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma har yau tari ba ya barinta.

Washegari Ustaz ya kira ni ofis. Na zaci sannu zai yi min. Ya ce, "Lesh, don me ba ki faɗa da wuri ba?"

An dai canja mana ɗakin hutu. Yanzu muna can saman bene, tsakanin janareta da tukwanen gas. Ustaz da kansa ya raka mu, ya buɗe taga ya ce, "Kun gani? Nan akwai iska." Yaya Ramatu ta yi tari ta ce, "Allah ya saka, Ustaz. Saura nukiliyar Malam Nura."

Abin da aikin nan ya koya min ke nan: masu musun wace wuta ce ba ta da haɗari, ba su ne ke kwana jikinta ba. In kun ji ƙauri, ku katse ko waye yake magana. Shayi zai jira.