Zobban 'Yardada

A unguwar Ƙofar Mata, in dai ana maganar ƙullin yadi, sunan 'Yardada ake fara kira. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take zama a tabarma da farin yadi da zare, ta tsinci yadin da farce, ta murɗa, ta ɗaure tamau, a kai marina a tsoma a baba. In aka kwance, sai ka rantse injin ne ya jera zanen. Mijinta ma, Malam Ashafa marini, a kan yadin nan suka haɗu.

Amma akwai abin da take tsoro tun ƙuruciya, kuma ba ta faɗa wa kowa ba: hannun mahaifiyarta Dije. Yatsun Dije sun lanƙwashe sun ƙame, har lomar tuwo ta gagare ta. Shekara tara 'Yardada na ba ta abinci a baki, tsohuwar na kawar da kai don kunya. Kullum addu'arta ɗaya ce, Allah kada ya nuna mata ranar da za a ba ta a baki.

To, tana cikin shekara ta arba'in da bakwai, wata safiya ta ga ɗan'alinta na dama ya yi wani iri. Gaɓar tsakiya ta lotsa baya, kan yatsan ya sunkuyo ƙasa kamar wuyan agwagwa. Wallahi irin na Dije ne sak! Wata biyu tana ɓoye hannun cikin mayafi, kafin 'yarta Bahijja ta gani ta ja ta asibiti.

Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ya rubuta magani. A sashen gashin ƙashi wata ma'aikaciya ta sa mata wani zoben roba mai baki biyu, wanda ke hana gaɓar lotsawa baya amma ya bar yatsan ya naɗe. Ta ja mata kunne: "Hajiya, yanzu gaɓar na motsi. Kada ki yi wasa da zoben nan. In ta ƙame, sai dai a yi maganar tiyata."

Na robar bai jure zare ba, sai tsagewa yake. Malam Ashafa ya ɗauke shi zuwa kasuwar Kurmi, wajen Shehu maƙerin azurfa, aka ƙera mata guda huɗu, don wasu yatsu uku ma sun fara lotsawa. Kai, zobban sun yi kyau! Mata har tsokanarta suke, wai amarya ta dawo sabuwa. Shekara uku tana ƙullinta lafiya lau.

Sai Malam Ashafa ya kwanta kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku, gida cike da mata, yayar mamacin, Luba, ta kalli hannun 'Yardada ta ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Ƙanina ko kwana uku bai cika a ƙasa ba, matarsa na takaba da azurfa har huɗu?" Mai takaba ai ba ta kwalli, ba ta lalle, ba ta zobe, kowa ya sani. 'Yardada ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a gwangwanin allura.

Bahijja ta yi magiya. "Umma, magani ne fa, ba ado ba. Bari in tambayo malamin masallaci." 'Yardada ta ce a'a. Ita fa ba za a ji a gari cewa matar Ashafa na neman fatawar sa zobe ba. Asibiti ma ta ƙi komawa, wai ba ta son a ga ƙafarta a waje. Wata huɗu da kwana goma ne kawai, ai kamar gobe ne.

Ba kamar gobe ba ne. Kowace asuba in ta zo alwala sai ta lanƙwasa yatsun ta gani. A wata na biyu sai ta sa ɗayan hannun ta taimaka musu. A na uku, ko ta danna, ɗan'alin ba ya zuwa. Tsoro ya hana ta cin abincin kirki, koko kawai take kurɓa a kofi da hannu biyu. Gwangwanin na kan taga, tana kallonsa, yana kallonta.

Ranar fita takaba ta yi wanka, ta sa sabon zane, ta buɗe gwangwanin. Zobe ɗaya ya shiga. Sauran ukun suka tsaya a gaɓa, yatsun sun sandare kamar itace.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe na sadaka. Ta kai hannu ta gutsura, tuwon ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Bahijja da ke gefenta ta matso. Ta wanke hannu, ta mulmula loma, ta dangwala miya, ta miƙo.

'Yardada ta kawar da kai.