Jarrabawar Maccido a Rijiyar Dinawa

Na fara ganin Maccido ranar Litinin, shida ga watan Maris na 2023, da ƙarfe takwas saura kwata. Na iso ofishinmu na ƙungiyar manoman albasa a Wurno, inda nake akawu, na tarar da fuskar wani dattijo manne da tagata daga waje yana hura wa gilashin iska yana gogewa da tsumma. Kamfanin da ke share mana ofis ne ya ɗauke shi wankin tagogi. Kafin nan shekara ashirin da biyu ya yi yana yasar rijiya, har wuyansa ya saba da kallon ƙasa.

Shekara guda ya yi ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Sai kamfanin ya aiko da takarda cewa duk mai wankin taga sai ya mallaki shaidar horo kan kare kai daga faɗuwa, in ba haka ba a sallame shi ƙarshen Afrilu. Sharaɗin shi ne ya wanke taga ɗaya yana rataye da igiya da ɗamara, da sarari mita shida a ƙarƙashinsa. Na auna tagoginmu. Mafi tsayinsu a ƙirjina ta tsaya.

Muka nemi bene. A Rabah mai gidan ya ce ba a rataye mutum a gidansa. A Goronyo aka yarda, amma Maccido na kai matakala ta huɗu ya zauna ya rungume tsani.

"Malam akawu, ni ba ni iya bisa," in ji shi. "Duk wurin da tsuntsu ka wucewa ta ƙarƙashina, ba wurina na ba. In ƙasa ta, ko gaba talatin ni tahi."

A mota na yi ta juya maganar. Takardar ta ce igiya, ɗamara, taga, da mita shida a ƙasa. Ba ta ce sai an ga sama ba. A Dinawa kuwa akwai busasshiyar rijiya mai zurfin mita goma sha uku, wadda Maccido da kansa ya taɓa yashewa. Na rubuta wa kamfanin, suka ce su dai cika sharaɗi suke so.

Ranar Alhamis, sha takwas ga Afrilu na 2024, muka cire tagar ofishina da katakonta muka ɗora a mota. Mai jarrabawa, Malama Firdausi, ta zo daga Sakkwato da hular kwano da takardun cikewa. Ta duba tagar ta ce ai a wanke take. Ashe Maccido ya wanke ta da safe don kada ya ji kunya. Sai da muka shafa mata laka.

Wani makiyayi Bafillace mai suna Manu ya ba mu aron bijiminsa na jan ruwa. Aka fara zura tagar, aka ɗaure igiyarta a wani gungume, aka ɗaura ta Maccido a jikin bijimin, sannan bijimin ya ja da baya a hankali, Maccido ya sauka da bokiti a hammata. Malama Firdausi ta tura masa hasken rana da madubi.

"Baba, mi kaka gani ta cikin gilashin?"

"Bango, ɗiyata."

"Shi hito sarai?"

"Sarai! Har da wani kwaɗo da nis sani tun dauri."

"Kana jin jiri?"

"Jiri? Nan ɗaka nike. Ku bar ni in ɗan kishingiɗa."

Manu ya leƙa ya ce, "Kaɗo, ka yi sauri. Bijimina bai karya ba, kuma shi ba a yi mashi alkawarin takarda ba."

Minti goma sha ɗaya aikin ya ɗauka. Aka jawo Maccido, Malama Firdausi ta sa hannu nan take a bayan mota, ta miƙa masa shaida. Daga nan aka koma kan tagar, aka ɗaura igiyarta a jikin bijimin. Bijimin ya hango garke ya nufi mashaya, ya fizga da ƙarfi, katakon ya karkace ya cije a gicciye inda rijiyar ta tsuke.

Maccido ya fara ɗaura ɗamara zai koma ya ciro ta. Malama Firdausi ta tare shi.

"A'a, Baba. Ɗazu ɗalibi kake. Yanzu kana da shaida, kuma mai shaida ba shi sauka sai wani mai shaida na tsaye kanai."

"To ke hwa?"

"Ni tawa ta jarrabawa ta, ba ta aiki ba."

Na bincika daga baya. A Wurno da Rabah da Goronyo ban sami wani mai irin wannan shaida ba.

Maccido bai rasa aikinsa ba. Yana nan yana wankin tagoginmu ranar Litinin da Alhamis, da hular kwano a kansa. Tagata tana cikin rijiyar Dinawa, mutanen ƙauyen sun ce har yanzu tana ƙyalli da tsakar rana. Na rubuta wa kamfanin takarda uku game da ita, ba a ba ni amsa ba, na rataya tabarma a gurbinta.