Zumar da Kaka ta Aiko

Wata Laraba a watan Yunin 1985, ina ɗan shekara goma sha huɗu, na saci ludayi uku na zumar Baba na zuba a kwalba, na ƙara ruwa da yis ɗin fanken Inna. A lakwal ne, wato makaranta, malamin tarihi ya ce mutanen Faransa na dā da giyar zuma suke samun ƙarfin yaƙi, ni kuma akwai wani ƙato a ajinmu da nake so in kayar. Na tura kwalbar bayan buhun shinkafa a kabad ɗin kicin. Garin sauri ban murɗa murfin jarkar zumar ba.

Zumar nan daga Damagaram ta zo. Kakata Hajiya, mahaifiyar Baba, ita ta aiko ta hannun Kawu Isuhu da ke kasuwanci a Paris, wata biyu kafin ta rasu. Cokali ɗaya Baba yake sha, ranar Juma'a kawai, a tsaye, kafin ya tafi masana'anta.

Muna hawa na goma sha ɗaya a Minguettes, wata unguwar dogayen benaye a Faransa, inda kyankyasai suka riga kowa samun takardar zama. Kwana biyar kwalbata ta fara kumfa tana tsami. Ƙananan ƙudaje suka iso har da dangin nesa, kyankyasan benen gaba ɗaya suka hauro ta bututun shara kamar an raba goron gayyata. Maƙwabciyarmu ta kai ƙara wajen mai gadin bene, aka turo masu feshi, suka yi wa kabad ɗin wanka da magani.

Inna ce ta gano kwalbar. Ta shinshina, ta dube ni, ta tuttular a bayi. Sai ta ɗaga murfin jarkar: ƙwari sun yi baƙi a saman zumar, ga warin magani.

Da Baba ya dawo ta ce, "Malam, ƙwari sun shiga zumar Hajiya."

Ya daɗe yana leƙen jarkar. Ina tsaye a bakin ƙofa, na jira in ji tsoro ko kunya, ban ji komai ba. Ya rufe murfin sosai, ya rungume ta, ya sauka da ita ƙasa wurin zuba shara da kansa.

Yanzu zuma iri-iri ce jere a kantin unguwarmu, nakan wuce ta ban ɗauka ba. Baba ya rasu bayan shekara tara yana ganin laifin ƙwari ne. Ban taɓa faɗa masa ba.