Tutar Kakana a Tagarmu ta Aston

Shekaranjiya bayan magariba wasu samari a nan unguwar Aston ta ƙasar Turawa suka jefi tagarmu da ƙwai, suna ihu wai mu koma ƙasarmu. Tutar Najeriya suka gani, wadda na rataya ranar 'yancin kai kamar yadda marigayi kakana ya saba. Har yanzu in aka buga ƙofa sai gabana ya faɗi.

Na taka kujera zan cire tutar, sai na ji ƙamshin turarensa a jikin ƙyallen. Nan na tuna wata magariba da Mama ta ce masa, "Baba, a sauke ta mana, kada mu ja ido."

Tsohon soja ne. Ya ce, "A bariki, tuta ba ta kwana a sama sai an haska ta. Ni kuwa gwiwata ba ta son kujera." Ya dube ni. "Amaryata, miƙo fitilar karatunki."

Da kansa ya saita ta, koren nan ya fito har bakin titi.

Na sauko ban cire ba. Na kunna fitila. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya ba ni ko rabin zuciyarsa.