Darbejiyar da Ta Tsaya Mana Shaida

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da muka sake taka gonarmu ba, bayan shekarun da rikici ya tsare mu a unguwar Ajilari, cikin gari. Mahaifinmu ya rasu a gari, kuma shi kaɗai ya san iyakar gonar ciki da bai. Mu dai mun san layin darbejiyar da ya dasa ne ya raba mu da maƙwabci.

To, masu itace da gawayi sun daɗe da sare wannan layin. Ban ga laifinsu ba, da itacensu muka yi ta girki a gari. Maƙwabcin kuwa ya gaya wa bulama, wato mai garin ƙauyenmu, gonarsa ta kai bakin kwari, wato rabin tamu ke nan, ga Inna da ita za ta ci da mu. Ni da ma zuciya gare ni, tun a keke nake shirya baƙar maganar da zan yaɓa masa.

Muka isa gonar tare da bulama da maƙwabcin. Fili fetal, ba inuwa ko ɗaya, sai 'yan kurmi-kurmi da ba su wuce ƙirji ba. Inna ta nufi wajensu. Ta tsinki ganye a jikin ɗaya, ta tauna, ta yamutsa fuska.

"Bulama, zo ka gani," in ji ta. "Ɗacin nan na san shi."

Ta buɗa rassan. Sai ga kututture baƙi ƙirin, da saran gatari a kansa, ga tohon da ya fito ya kewaye shi. Gaba kaɗan ga wani, ga wani kuma, sun miƙe sambal har ƙarshen gona, yadda Baba ya jera su. Nan take maganar da na shiryo ta ɓace.

Bulama ya riƙe baki. "Subhanallahi! An sare, an ƙone, amma suna nan."

Maƙwabcin ya bi layin kututturen da kallo, sannan ya ce, "Hajiya, ki yafe ni. Iyaka ga ta nan."

Inna ta rage tohon, ta bar mafi ƙarfi a kowane kututture. Yau a inuwarsu muke cin abincin rana. Tun ranar na daina yanke ƙauna daga abin da aka sare, muddin saiwarsa na ƙasa. Mun binne Baba a gari, amma abin da ya dasa ya tashi ya yi magana a madadinsa.