Bututun da Na Huda

Ranar wata Asabar ce, cikin daminar da na shiga aji biyar na firamare, sama ta kwana tana zuba. Da hantsi ni da Ladidi, 'yar ƙanin babana, muka biyo ta lungun bayan gidanmu da bokitai za mu famfo, sai muka tarar ruwa ya zaizaye ƙasa ya tono wani baƙin bututun roba, yana kwance a gefen kwatar da ke kwashe ruwan wanke-wanke da na makewayin gidajen layinmu. Ladidi ta ɗora tafin ƙafarta a kai, ta ce wallahi tana jin ruwa na gudu a ciki. Ni ce na koma gida a guje, na sa ƙusa a murhun Inna har ta yi jajir, na riƙo ta da tsumma na zo na danna. Ruwa ya yi tsartuwa har fuskokinmu, muka dinga tsalle muna ƙyalƙyala dariya. Kafin a jima bokitanmu sun cika, muka naɗe hudar da robar tayar keke, muka tura ƙasa a kai.

Sai wanda ya san layin famfon garinmu zai gane murnar da muka yi. Ƙaramin gari ne a gefen hanyar Minjibir, gonakin gero da gyaɗa sun zagaye shi har bakin katanga. Ana sako ruwa daga babban tanki da safe, a ɗauke kafin azahar, kuma famfon unguwarmu ɗaya ne tal. Tun da asuba ake jera bokitai da tuluna, manyan 'yan mata su ture na ƙanana, a yi ta cacar baki har da ja-in-ja. Randuna uku Inna take da su, cika su kuma aikina ne, sannan in yi shara, in kai wa Baba koko gona, in ruga makaranta in tarar da bulala tana jiran 'yan makara. Bayan hudar nan sai na samu sarari. Ina gama aikina da wuri, har in zauna ƙarƙashin darbejiyar makaranta mu buga carafke kafin a kaɗa ƙararrawa.

Asirin bai daɗe ba. 'Yan matan layinmu suka gano, kowacce ta yi tata hudar, wata ta ɗaure, wata ta cusa kara kawai ta tafi. Sannu a hankali ruwan ya fara canzawa. Idan aka kwashe randa sai a ga baƙin laka kwance a ƙasanta, wani lokaci har da ɗan wari-wari. Inna ta riƙa tacewa da farin ƙyalle. Baba kuwa yakan kurɓa ya ce, “Ruwan gwamnati ne, da magani a cikinsa.” Duk garin haka muka yarda, har wasu gidaje sun bar rijiyoyinsu sun rufta.

Ƙanena Sabi'u shekararsa uku a lokacin. Shi ne autanmu, mai ƙaton ciki da son gyaɗa dafaffiya, bakinsa bai iya faɗin Uwani ba sai ya ce mini “Yaya Wani”. Duk sanda na sauke bokiti sai ya taho da moɗa yana miƙo mini, ni kuma in ɗebo in riƙe masa har ya shanye, ruwan na gangarowa ta haɓarsa. Gero ya fara fitar da kai lokacin da amai da gudawa suka shigo layinmu. Sabi'u ya fara da safe. Inna ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, yana sha yana dawowa. Kafin la'asar idanunsa sun faɗa, ya daina ko kuka. Baba ya baro gona da fartanya a kafaɗa, ya goya su shi da Inna a keke zuwa ƙaramin asibitin gari. An sa masa ƙarin ruwa, amma jiki ya riga ya saki. Washegari da azahar ina tsugune ina wanke 'yan rigunansa, na ji salatin Baba daga zaure. An dawo da gawar Sabi'u naɗe cikin zanen Inna. A makon nan yara biyu suka bi bayansa, duk daga layinmu.

Bayan sadakar bakwai duba-gari ya zo tare da mai unguwa, suka bi bututun suna tonawa har lungun bayan gidanmu. Ya tsuguna yana nuna wa jama'a hudojin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce muddin ruwa na gudu ba a ganin illa, amma da zarar an ɗauke, sai bututun ya zuƙe ruwan kwata ya ajiye, gobe ya kai wa mutane har randunansu. Sannan ya ɗago ya ce, “Wa ya fara wannan aikin?” Ina tsaye cikin taron. Ladidi ta matse mini yatsa har sai da ya yi zafi. Ba wanda ya tanka, ni ma ban tanka ba.

Na riƙe maganar a cikina har na yi aure. Sai da na koma gida wankan haihuwar fari, wata safiya Inna tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwan wanka, na ce, “Inna, ni ce na fara huda bututun nan.” Ba ta juyo ba. Ta gyara itace, sannan ta ce, “Uwani, kina tsammanin ban sani ba? Yarinyar da ke kaiwa hantsi a famfo ta koma cika randa uku kafin in gama dama koko? Na sani, na yi shiru, don ruwan yana zuwa mini da wuri. Ke yarinya ce. Ni ce babba.” Ranar muka yi kukan da ba mu yi tare ba a ranar jana'izarsa.

Yanzu Inna ta riga ta rasu, famfon unguwarmu ya ƙafe shekaru da yawa, tankin ma tsatsa ta cinye shi. Yaran garin daga 'yan garuwa ake saya musu ruwa a jarka, ba wanda ya san inda aka ɗebo shi. Ni ina zaune a Kano, kuma ba a shan ruwa a gidana sai an tafasa, ko da na leda ne. 'Ya'yana suna yi mini dariya, suna cewa Mama ta cika tsoro, ni kuma sai in ƙyale su. Sun girma, babbar har ta kusa aure. Sabi'u kuwa yana nan a shekara ukunsa, ni kaɗai nake ta tsufa.