Galan ɗin Yashi a Reshen Dalbejiya

Wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da na shiga ƙaramar sakandare a Zogbeli. Mun gama sharar fili ke nan, ƙasa na ƙamshin ruwan asuba, sai Madam Fusena, malamarmu ta kimiyya, ta ɗaure galan cike da yashi a reshen dalbejiya. Ta ce tana son mutum guda ya jingina bayansa da bango, ya jawo galan ɗin har hancinsa, ya sake shi ba turi, ya tsaya ya jira dawowarsa.

Ta yi mana bayani a hankali. Ɗagawar da ka yi masa ƙarfi ne ka ajiye a cikinsa. In ya sauko, ƙarfin ya koma gudu, in ya hau ɗaya gefen, gudun ya koma tsayi. Iska da igiya suna ɗan rage masa, amma babu mai ƙara masa, don haka ba zai wuce inda ya taso ba.

Babu wanda ya motsa. Ni kuwa in'ina gare ni, a bencin baya nake ɓuya don gudun dariya. Amma kowane hutu a Gumani nake yinsa, a gonar kakata, inda muke tsintar kaɗanya mu yi lilo har la'asar, kuma na sani lilon da ba a tura ba kullum ƙasa yake yi. Na fito na jingina da bango. Na saki galan ɗin, ya tafi, ya dawo kamar zai fasa mini fuska. Iskarsa ta taɓa goshina, ya tsaya tazarar yatsa biyu, ya juya. Ban rufe ido ba.

Labari ya riga ni isa gida. Washegari Mma, mahaifiyata, ta bar tukunyar kokonta a hannun maƙwabciya, ta ja ni makaranta ranta a ɓace. "Madam, 'yata kika samu ki gwada wa dutse?" Madam ta gaishe ta da ladabi, ta ce ni zan amsa. Na yi bayanin a gaban aji, ina sarƙewa ina ci gaba, har na kai ƙarshe. Mma ta dube ni. Sannan ta gyara ɗaurin zaninta ta jingina da bango. "Tun da ke kika faɗa, miƙo shi nan."

Yau ni ke koyar da kimiyya a Choggu. Ɗalibaina a waya suke kallon irin wannan, su fahimta cikin minti biyu, ba tare da gabansu ya faɗi ba. Mma ta rasu ba ta taɓa karanta harafin boko ko ɗaya ba. Amma ita ce ta fara yarda da ilimina, da fuskarta.